Babi na Biyar: Malaman Lissafin da Ba Ka Gani

Shugaban makarantar gini yana da wani gata da bai ma san yana da shi ba. Idan ya fito daga ofis ya bi baranda, kunnensa kaɗai ya ishe shi sanin ajin da ake karatu da ajin da ake surutu. Ya leƙa ta taga ya ga abin da ke kan allo, ya kuma ga malamin da ya zauna yana danne-dannen waya. Wanda ya tara malamai suna koyar da lissafi ta intanet ba shi da baranda, ba shi da taga. Malami ɗaya yana Zariya, ɗaya yana Gusau, wata tana cikin ɗakinta a unguwar Hotoro ta Kano, ɗalibai kuma sun warwatsu daga Sakkwato har Jidda. Da ƙarfe takwas na dare ana darasi shida a lokaci guda, kai kuwa kana zaune ba ka ganin ko ɗaya.

Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya tsananta sa ido: a kunna kyamara, a turo hoton fuskar waya, a rubuta lokacin shiga da na fita. Duk wannan ba ya nuna komai sai cewa malamin ya zo, alhali zuwa daban, koyarwa daban. Shaidar da ta fi kowacce faɗin gaskiya a wannan sana'a ita ce takardar da yaro ya yi lissafi a kai da hannunsa. A kanta ake ganin abin da ya iya makon jiya da abin da ya iya yau, a kanta ake gane ko malami ya lura da inda yaron ya ɓace ko kuwa ya tsallake ya wuce. Duk tsarin da ke cikin wannan babi a kan takardar nan ya ginu.

Kafin ka ɗauki ko mutum ɗaya, ka tsayar da irin lissafin da za ku koyar. Iyaye a Nijeriya ba sa biyan kuɗin lesin don sha'awar ilmin lissafi. Jarrabawa ce ke sa su zaro kuɗi. Yaron da bai samu kiredit a lissafi a WAEC ko NECO ba, wato daga A1 zuwa C6, ƙofar likitanci da injiniyanci da kimiyyar kwamfuta ta rufe masa har sai ya sake zama. Amma jarrabawoyin ba abu ɗaya suke nema ba. Lissafin WAEC takarda biyu ne. Ta farko tambayoyi 50 ce na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu ta rubutu ce, ɗalibi ya amsa tambayoyi 10 daga cikin 13 cikin awa biyu da rabi, kuma a nan ana ba da maki ne a kan hanyar da aka bi, mataki bayan mataki. Yaro zai iya kuskure amsar ƙarshe ya tsira da yawancin makinsa, wani ya rubuta amsa daidai ba tare da ya nuna aiki ba ya tashi kusan hannu rabbana. JAMB kuwa, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, gudu ce tsagwaronta: tambayoyi 180 cikin awa biyu, 40 daga ciki na lissafi ga wanda ya zaɓe shi. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Malamin da ya ƙware wajen koya wa yaro ya shimfiɗa aikinsa a natse ba lallai ne ya iya koya masa zubar da amsoshin bogi uku cikin daƙiƙa 40 ba.

Saboda haka ka fara da abu guda ka gyara shi. Kada ka karɓi ɗalibi daga Maraɗi ko Damagaram don kawai Hausa ta haɗa ku. Manhajarsu da Faransanci take, jarrabawarsu BEPC ce da Bakaloriya, har waƙafi suke sawa a inda mu muke sa ɗigo tsakanin lambobi. In kana son kasuwarsu, ka nemi malami daga cikinsu. Haka 'ya'yan 'yan uwanmu da ke Ingila masu shirin GCSE: kuɗinsu da kauri, amma malamin da bai taɓa buɗe manhajarsu ba zai ba ka kunya a wata na farko.

Wa za ka ɗauka?

Masu neman aikin ba za su yi maka ƙaranci ba. Akwai ɗaliban shekarar ƙarshe a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, akwai masu yi wa ƙasa hidima, akwai malaman sakandare da albashi ba ya kai su ƙarshen wata. Akwai kuma wani rukuni da kusan kowa ke mantawa da shi, wanda a ganina ya fi kowane albarka: matan aure masu digiri ko NCE a lissafi da fizik, waɗanda hidimar gida ko sharaɗin miji ya hana su fita aiki. Ba sa gaggawar barinka don sun samu aikin banki, kuma da yawan iyaye ba za su yarda namiji ya riƙa kiran 'yarsu budurwa da daddare ba, ko da karatu ne. In ba ka da malamai mata, rabin kasuwar ka bari.

Takardar shaida tana da amfaninta, rajistar hukumar malamai ta TRCN ma haka, musamman wurin kwantar da hankalin iyaye. Amma ba ita za ta gaya maka abin da kake son sani ba. Ka fara ba mai neman aiki tambayoyin jarrabawar baya ya amsa cikin ƙayyadadden lokaci kana kallonsa ta kyamara. Wannan rairaya ce kawai, don a zubar da waɗanda ba su iya lissafin ba, kuma za ka yi mamakin yawansu. Gwaji na gaskiya shi ne na biyu. Ka tura masa hoton takardar yaro mai ɗauke da kurakurai, ka ce ya gaya maka abin da ke cikin kan yaron.

A ce yaron ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Mai neman aiki na farko zai ce, "Ba daidai ba ne, amsar 5/6 ce," ya zazzago maka ƙa'idar daidaita lambobin ƙasa tiryan-tiryan. Ya iya lissafi, babu shakka. Na biyu zai yi ɗan shiru, ya ce, "Yaron nan ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Bai ɗauki 1/2 a matsayin adadi guda ba, lambobi biyu yake gani da layi a tsakani. Zan tambaye shi: 2/5 ya kai rabi? In bai kai ba, yaya aka yi ka ƙara wa rabi wani abu ya ragu?" Wannan shi ne malaminka. Na farko zai maimaita ƙa'idar sau biyar, yaro ya ce ya gane don a rabu da shi, gobe ya sake rubuta 2/5. Ka gwada su da 2x + 3 = 11 inda yaro ya mayar da ita 5x = 11, da kuma (a + b)² inda ya rubuta a² + b² ya yi gaba abinsa. Kowane kuskure a nan yana da dalili, kuma dalilin ba wauta ba ce. Yaro ya ɗauko wata ƙa'ida da ke aiki a wani wuri ya kai ta inda ba ta aiki. Wanda ba ya iya hango dalilin a takarda ba zai hango shi ta waya ba, inda babu fuskar yaro balle a ga ya yamutsa ta.

Gwaji na uku, kai ka zama ɗalibi. Ka kira shi, ka yi kamar ba ka gane ba, ka ba da amsar da ba daidai ba da ƙarfin gwiwa, ka yi shiru na tsawon lokaci. Abin da kake saurare shi ne yadda yake yi da shirun. Shiru a waya yana da nauyi fiye da shiru a aji, kuma yawancin sababbin malamai ba sa iya jure shi; da yaro ya yi daƙiƙa biyar yana tunani sai su ba shi amsa. In ka saurari minti goma ka ji muryar malami ce kaɗai ke tashi, wannan wa'azi yake yi, ba darasi ba.

Batun kayan aiki ba ya bukatar dogon bayani, ko da yake a nan masu farawa suka fi ɓarnar kuɗi. A 2004, lokacin da Salman Khan ya fara koya wa 'yar uwarsa Nadia lissafi, shi yana Boston ita tana New Orleans, abin da suka yi amfani da shi wayar tarho ce da wani ɗan allon zane na Yahoo. Murya da wurin rubutu, ke nan. Daga nan Khan Academy ta samo asali. Har yau abin da darasin lissafi ke bukata bai wuce haka ba. Fuskar malami ba ta ƙara wa yaro komai bayan gaisuwa. Ka saya wa kowane malami ƙaramin maƙalin waya da zai sa kyamara ta kalli takarda daga sama, da farar takarda da alƙalami mai kaurin baki. A ɓangaren yaro ma haka: a jingina wayar a kan tarin littattafai yadda malami zai ga hannunsa yana rubutu. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet na kyauta yana ba rukuni awa ɗaya, WhatsApp kuwa yana kan wayar kowa kuma ya fi haƙuri da raunin sabis. Don zanen giraf da siffofi, GeoGebra kyauta ce. Awa guda ta bidiyo tana cin ɗaruruwan megabayit, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, iyaye suna lissafa wannan a cikin kuɗin lesin ko ba su faɗa maka ba.

Sharaɗi biyu kada ka sassauta: kowane malami ya mallaki layi biyu na kamfanoni daban-daban, da fawa-bank ko ƙaramar sola. "An ɗauke wuta" gaskiya ce a ƙasar nan, amma ba uzuri ba ce ga wanda ya san za a ɗauke. Kada kuma ka tara malamanka duka a gari ɗaya. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wanda duk malamansa ke Gusau a lokacin, sana'arsa ta tsaya cak.

In kana shakkar ko murya kaɗai na iya koyar da lissafi, ga abin da ya faru a Botswana a 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu. Wata ƙungiya da ake kira Young 1ove a lokacin, tare da masu bincike, sun gwada tsari a kan iyalai kusan 4,500. Wasu an riƙa tura musu tambayoyin lissafi ta saƙon tes duk mako. Wasu kuma, bayan saƙon, sai malami ya kira su na minti 15 zuwa 20 ya bi tambayoyin da yaron. Saƙo shi kaɗai bai yi wani tasiri ba. Saƙo da kira kuwa ya rage yawan yaran da ba su iya ko ɗaya daga tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba bidiyo, ba manhaja, ƙaramar waya ce kawai da mutum a ɗaya gefen.

Daga ina yaron zai fara?

Nan ne za ka fara samun saɓani da iyaye. Uba zai kira ka ya ce, "Malam, yarona yana aji uku na babbar sakandare, saura wata biyar jarrabawa, a yi masa aljabara da tiriganometiri." Kai kuwa kada ka sa yaro a hannun kowane malami sai an yi masa gwajin shiga na kamar minti ashirin, kuma gwajin ya faro daga ƙasa: ɗebewa mai aro, rabawa mai tsawo, rabi da sulusi da rubu'i, lambobin da ke ƙasa da sifili, sannan a hau. Sau da yawa za ka tarar ɗan aji ukun ya tsaya ne tun a lissafin aji biyar na firamare, shekara bakwai yana bin aji da kwafe abin da ke allo. Aljabara a kan irin wannan tushe gini ne a kan yashi.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, kuma an gwada tsarin a nan gida ƙarƙashin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano. Wahalar ba a fahimtar tsarin take ba, a gaya wa uba take. Ba wanda ke son jin cewa ɗansa mai gemu-gemu bai iya raba 1,248 gida 6 ba. Kada ka bar wa malami wannan magana, kai za ka yi ta. Ka tura wa uban hoton takardar gwajin, ka ce, "Alhaji, ga inda muka same shi. In muka fara daga inda kake so, kuɗinka za mu ci. Ka ba mu mako shida a nan, sannan ka kwatanta takardar yau da ta ranar." Wasu za su fusata su tafi wurin wanda zai gaya musu abin da suke son ji. Ka bar su.

A haɗa yara uku zuwa biyar masu mataki ɗaya a rukuni guda, ko da azuzuwansu sun bambanta. Bayani a yi shi da Hausa in da ita yaron ke tunani, amma tambaya a karanta ta da Ingilishi, a rubuta aiki da Ingilishi, don da shi za a yi jarrabawa. Malami mai wayo zai tuna cewa yaron da ya yi Islamiyya ya riga ya haɗu da rubu'i da sudusi da sumuni a babin rabon gado, sai ya kama daga can.

Jadawali kuma yana da nasa tarko. Wayar da ake darasi da ita galibi ta uba ce ko ta uwa, kuma ta uba ba ta dawowa gida sai bayan Magariba. Da la'asar yara suna Islamiyya, safiyar Asabar da Lahadi ma haka a gidaje da yawa. Abin da ya rage maka shi ne bayan Isha'i zuwa tara da rabi, da yammacin Alhamis da Juma'a. Ma'ana kowa lokaci guda yake so. Wannan ne ya sa ba za ka iya riƙe malamai uku masu cikakken aiki ba. Malamai goma masu awa biyu-biyu za ka riƙe, kuma mai awa biyu a dare ba zai taɓa ɗaukar aikinka a matsayin abincinsa ba. Ka san da wannan tun farko don kada tafiyarsu ta zo maka da mamaki. Da azumi jadawalin duka sai an sake shi, a koma safiya ko bayan Tarawihi. Ɗalibin da ke Saudiyya yana gabanmu da awa biyu, na Ghana yana bayanmu da awa ɗaya, na Ingila kuwa agogonmu ɗaya da shi daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni yana baya da awa ɗaya.

Tunda malamai za su zo su tafi, dole abin da aka sani game da yaro ya zauna a wurinka, ba a kan malami ba. Bayan kowane darasi, kafin ya kwanta, malami ya rubuta layi uku a shafin ɗalibin: abin da aka yi, inda yaron ya maƙale, da abin da za a fara da shi a darasi na gaba. Ya haɗa da hoton aikin yaron. Google Sheets ya isa. Rahoton da ya ce "Mun yi darasi, ya gane, alhamdulillahi" ka mayar wa mai shi. Rahoton da kake so shi ne irin wanda ya ce, "Tana warwarewa daidai in x yana hagu, da na mayar da shi dama sai ta rikice." Wanda ya rubuta wannan ya kalli yarinyar. Ranar da ya samu aiki a Abuja ya tafi, wanda ya gaje shi zai buɗe shafin ya ci gaba daga inda aka tsaya, uwar yarinya ba za ta ma ji an yi canji sosai ba.

Karanta waɗannan rahotanni shi ne aikinka na kullum, ba tallace-tallace a Facebook ba. Bayan shi, duk mako ka saurari minti goma daga tsakiyar darasin kowane malami da aka naɗa. Farko da ƙarshe kowa yana gyara murya. Sau ɗaya a mako ku haɗu gaba ɗaya na rabin awa. Kada taron ya zama na sanarwa da faɗa. A ɗora takardar yaro ɗaya a gaban kowa, ba suna, a tambaya: me ke damun wannan, kuma kai da me za ka fara? Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, ta irin wannan muhawara suke zama abokan aiki, kuma sabon malami yana koyon abin da wata uku na horo ba za su ba shi ba. Gwajin wata-wata kuwa kada malamin yaro ya tsara shi, wani ya tsara. A haɗa da tambaya guda da yaro zai yi bayaninta da bakinsa ta saƙon murya, domin yanzu Photomath da ChatGPT suna warware aikin gida cikin ƙiftawar ido, mataki-mataki, tsaf. Takarda na iya zama kwafe, amma yaron da bai gane ba ba zai iya minti ɗaya yana bayanin dalilin da ya sa ya raba da 2 ba.

Kuɗi

Mu ɗauki misali, kai ka sa naka alƙaluman. Rukuni na yara huɗu, kowa yana biyan naira 12,000 a wata, an tara 48,000. Darasi 12 a wata, malami yana karɓar 2,000 a kowanne, 24,000 ke nan, ga 4,000 na data. Saura 20,000. Yaro ɗaya ya fita, saura 8,000. Biyu suka fita, kai za ka ciko 4,000 daga aljihunka. Ribar wannan sana'a ba a samo sabon ɗalibi take ba, a hana na hannu tafiya take, kuma abin da ke riƙe uba shi ne ya ga takardar ɗansa tana canzawa.

A karɓi kuɗi a farkon wata, ba a ƙarshe ba, a asusun sana'a da aka yi wa rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ba a asusunka na cefane ba. A biya malamai a rana guda tsayayya, ko iyaye sun biya ko ba su biya ba. Bin bashi aikinka ne, ba nasu ba. A rubuta tun farko wanda zai ɗauki asarar darasin da bai yiwu ba: in yaro ne bai zo ba kuma ba a sanar ba, an biya malami, in sabis ɗin malami ne ya yanke, ya rama a wani lokaci. 'Ya'yan yayye da na ƙanne da za a turo maka "a taimaka", ka ƙayyade adadinsu ka biya musu daga aljihunka, kada ka ce malami ya yi kyauta da guminsa.

Kada ka matse malami don ba ya ganinka. A 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta bayyana cewa wani kamfani da ke cikin shirin gwamnatin ƙasar na koyar da yara bayan korona yana amfani da malamai a Sri Lanka, har da 'yan shekara 17, ana biyan wasunsu abin da bai wuce fam 1.57 a awa ba. Gwamnati ta dakatar da amfani da waɗanda ba su kai 18 ba. A namu yanayin ba jarida ce za ta kama ka ba. Malamin ne zai ce wa uban yaro, "Alhaji, ka riƙa ba ni kai tsaye, zan rage maka." Wannan zagaye-baya ba a hana shi da rantsuwa ko takardar yarjejeniya, ko da yake a rubuta ta. Ana rage shi ne in malami ya ga cewa zama da kai ya fi masa: kuɗi a kan lokaci ba tare da ya bi kowa bashi ba, sababbin ɗalibai ba tare da ya nema ba, da wanda zai riƙe masa aji ranar da ɗansa ba shi da lafiya. Duk da haka wani zai tafi da ɗalibi ko biyu. Ka sa shi cikin lissafin asara.

Ranar da ka ga ba ka iya karanta rahotannin dare duka kafin azahar ta gobe, ka daina ɗaukar sababbin malamai. Ka zaɓi wanda ya fi kowa iya karanta takardar yaro, ka rage masa darasi, ka ƙara masa kuɗi, ka ba shi malamai biyar ya riƙa dubawa.

Akwai dokoki da ba a tattaunawa a kansu. Malami ba ya magana da yaro ta keɓantaccen saƙo. Kowane rukuni na WhatsApp akwai uwa ko uba a ciki, akwai kai ko wakilinka. Ba kira bayan lokacin darasi, ba neman hoton da ba na takarda ba, ba kyauta tsakanin malami da ɗaliba. Ana naɗar darasi, kuma iyaye sun san ana naɗa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta samun amincewar iyaye kafin a tattara bayanan wanda bai kai shekara 18 ba, don haka ka karɓi amincewar a rubuce, kada kuma ka sa hoton yaro ko sakamakonsa a talla ba da izini ba. Wanda ya karya ɗaya daga cikin waɗannan, ko shi ne gwanin gwanayenka, a ranar zai tafi.

Saura abu guda, kuma zai zo maka ne a watan Mayu ko Yuni, ana gab da takardar lissafi. Wani uba, mai yiwuwa wanda ya fi kowa biya a kan lokaci, zai kira ka a hankali ya ce, "Malam, ranar jarrabawa yaron zai samu hanyar turo tambayoyin. Ko malaminsa zai ɗan zauna kusa da waya?" Zai ambaci kuɗin da ya fi na wata uku. In bai same ka ba, malamin zai nema kai tsaye, shi ya sa dole kowane malami ya ji hukuncin daga bakinka tun ranar da ka ɗauke shi. Dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri ga mai yi da mai taimakawa, WAEC kuma tana riƙe sakamako ko ta soke shi, wani lokaci na cibiya guda baki ɗaya, har da yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Malamin da ya tura amsa, ka sallame shi. Uban kuma ka ba shi haƙuri cikin girmamawa, in ya nace ka mayar masa da ragowar kuɗinsa na watan.